Dalilin da ya sa ba na barin kalmar sirrin kamfani a kan na'ura

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa nake hana ka naɗe kayan aiki sai ka canja kalmar sirrin da kyamara ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ta zo da ita daga kamfani, alhali mai shago yakan manta sabuwar ya dame mu da kira, kuma a ganinka babu mai kutsen da zai ɓata lokacinsa a kan kyamarar ƙaramin shagon kayan masarufi. Mai kutsen bai san shagon ba, kuma ba ya bukatar saninsa. Manhaja ce yake saki ta riƙa bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, duk na'urar da ta amsa sai ta gwada mata kalmomin da kamfanoni suka saba sakawa. Na'urar da aka bari haka tamkar kwaɗo ne da aka sayar wa dukan gari da makulli iri ɗaya.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi wannan aiki da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 kacal, irin su admin da 12345, amma da su ta kame na'urori kusan 600,000 a lokacin da ta fi ƙarfi, yawancinsu kyamarorin tsaro da na'urorin naɗar hoto da rauta. Masu kayan ba su ga wata alama ba, domin kyamara tana ci gaba da nuna hoto kamar kullum, sai dai tana karɓar umarni daga wani waje. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka umarci irin waɗannan na'urori su yi wa kamfanin Dyn na Amurka ruwan saƙonni, shi kuwa Dyn aikinsa shi ne haɗa sunan shafi da adireshinsa, saboda haka mutane da yawa suka kasa buɗe Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na tsawon sa'o'i. Abin bai tsaya can nesa ba. A ƙarshen shekarar wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ya riƙa yankewa a ƙasar, kuma a Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Kyamarar da ka raina tana iya zama ɗaya daga cikin sojojin irin wannan yaƙi, da kuɗin datar mai shagon.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan sakaci ya shiga wuraren da rayuwar jama'a ta dogara a kansu. A Nuwamban 2023 masu kutse suka shiga na'urar da ke kula da matsin ruwa a wata tashar hukumar ruwa ta garin Aliquippa da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Na'urar ƙirar kamfanin Unitronics ce, irin wadda take zuwa da lambar sirri 1111, kuma hukumomin Amurka sun gargaɗi masu amfani da ita a lokacin su canja wannan lamba su kuma cire ta daga intanet kai tsaye. Abin da ya ceci ruwan garin shi ne ma'aikata sun kashe na'urar suka koma sarrafa famfo da hannu. Haka aka yi a Yukiren a Disambar 2015, lokacin da aka ɗauke wa mutane fiye da 200,000 wuta daga nesa, sai da injiniyoyi suka je ƙananan tashoshi da kansu suka mayar da ita. Shi ya sa duk famfon rijiyar burtsatse ko inbatar sola da muka haɗa da wayar mai gida, nake nacewa a bar masa makunnin hannu, a kuma nuna masa inda yake.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu aikin kwangila. A 2013 aka sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin sun fara shiga ne da izinin da aka bai wa wani ƙaramin kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Idan ka saka kalma ɗaya ga dukan abokan cinikinmu domin ka huta da tunawa, ranar da ta fita daga wayarka ka buɗe gidaje da asibitoci da gidajen mai a lokaci guda, kuma amanar da aka ba mu ce ta zube.

To ga yadda nake so ka yi daga yau. Kowane wuri ka ba shi tasa kalmar mai tsawo, ka rubuta ta a takarda ka damƙa wa mai wurin hannu da hannu, wannan ya magance maganar mantuwa da ka kawo. Kafin ka ɗora kyamara a bango ka sabunta manhajarta, ka kashe Telnet (hanyar ba na'ura umarni daga nesa) da UPnP (tsarin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet) idan suna kunne, domin ta Telnet Mirai ta riƙa shiga. Layin Wi-Fi da baƙi ke hawa ka raba shi da layin kyamara da na'urar cirar kuɗi. Na'urar da ta ƙi yarda a canja mata kalmar sirri kada ka saye ta komai arharta; Birtaniya ma tun Afrilun 2024 ta haramta sayar da sababbin na'urori masu irin waɗannan kalmomi masu sauƙin cinka. Idan kuwa mai gida ya ce ba ya bukatar kallon kyamararsa daga nesa, kada ka haɗa ta da intanet, ka bar ta tana naɗa a cikin gida kawai.