Warin fetur a Marsandi 230E: ajiye sifanar nan tukuna

Bello, jiya da la'asar ka tambaye ni ina cikin rami, hannuna duk baƙin mai, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Cewa ka yi: "Oga, Marsandin Alhajin nan warin fetur take yi, na leƙa ƙasa ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in ta yi zafi aka kashe ta sai an yi ta fama. In kwance kan rabon man ne, ko mu ba shi shawara a mayar da ita kafireta?"

Kada ka yi ko ɗaya. Ba ka san inda man ke fita ba tukuna, mi za ka kwance?

Hannunka ya saba da kafireta, kuma ba laifinka ba ne. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 su suka koya wa yawancinmu aiki, su kuwa kafireta gare su. Wagga 230E da Marsandi suka fara fitarwa a 1980 wani tsari take da shi na kamfanin Bosch, K-Jetronic, wanda ya fito a 1973. Babu kwamfutar da ke auna mata mai. Iskar da injin ke zuƙa ita ke danna wani faifai ƙarƙashin filtar iska, faifan ya tura wani ɗan ƙarfe kamar fensir a tsakiyar kan rabon mai, shi kuma ya buɗe wa nozul huɗu hanya. A Marsandi ƙasa faifan ke yi, a Golf da Volvo sama yake ɗagawa. Duk aikin ya rataya ne a kan firesha. Famfon kafireta ko rabin bar ɗaya ba ya kaiwa (bar shi ne ma'aunin firesha). Wannan kuwa bar 5 da 'yan kai yake turawa, fiye da ninki biyu na iskar da mai faci ke sa wa tayar motar. Abin da zai yi naso a Fijo, a nan tsartuwa zai yi.

Shi ya sa kafin komai ina son bokitin yashi da abin kashe gobara kusa da kai. Ka ce wa mai walda na maƙwabta ya dakata, kuma duk mai taba ya yi nisa. Shekarun baya an jawo mana wata 280E daga hanyar Bodinga, bonet ɗinta ya yi baƙi ƙirin, wayoyi sun narke sun manne da jikin injin. Da muka bi sawu sai muka iske wani ya yanko tiyon kafireta ya sa a layin firesha ya ɗaure da waya. Mai motar da iyalinsa Allah ya tsare su, amma motar ba ta sake hawa titi ba. Har yau in na ga an naɗe layin fetur da robar tiyub, ko an liƙa masa sabulu kamar yadda ake yi wa tanki a kan hanya, raina ɓaci yake yi.

Yoyo iri biyu ne a wagga mota, na waje da na ciki, kuma daga bayaninka ina zaton duka biyun tana da su.

Na waje shi ke ba ka wari. Ka ce ba ka ga ɗigo ba. Ina za ka gan shi da tsakar rana a Sakkwato, zafi ya haura 40? Kafin ɗigon ya kai ƙasa ya bi iska. Da sassafe ake farautarsa, injin na da sanyi. Kuma kar ka yi saurin wanke injin, ƙurar da ke kansa shaida ce. Inda fetur ya bi za ka ga layi fes kamar an goge da tsumma, gefensa ƙurar ta yi duhu ta dunƙule. Ka bi layin nan zuwa sama, domin inda ya jiƙe ba lalle nan ne bakin ramin ba: mai gangarowa yake yi, iskar fanka kuma baya take kora shi. In ka gama karanta ƙurar, sai ka goge, ka barbaɗa hoda ko garin alli a kan kowace mahaɗa, ka haɗa wayar famfo a wurin rile, wato makunnin da ke ba shi wuta, don ya yi aiki ba tare da an tayar da injin ba. Inda hodar ta fara canza launi, nan ne. Sai dai ka kiyaye: muddin famfo na kuka, kada hannunka ya danna faifan nan, in ba haka ba nozul za su cika silinda da ɗanyen fetur.

Yawancin lokaci wosha ce ta jan ƙarfe, irin biyu-biyun da ke kowane noti mai rami a kan rabon mai da filta. Sau ɗaya take zama daidai. Wanda ya kwance ya mayar da tsohuwa, in ta yi naso sai ya ƙara ɗaurewa, garin haka ya cinye zaren notin. Sabuwa ake sawa. Ka kuma shiga ƙarƙashi ta baya, inda famfo da filta da ma'ajiyar firesha suke a haɗe wuri ɗaya, ka lanƙwasa kowane guntun tiyo da yatsa ka ga ko ya tsattsage. Sannan ka buɗe but ka sunsuna, don tankin wagga mota bayan kujerar baya yake, robar gejin tanki ko tiyon numfashinsa in sun bushe warin cikin mota yake shiga.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙin tashi da zafi ba aikin wosha ba ne galibi, yoyon ciki ne, wanda ido ba ya gani. In an kashe injin, ya kamata layukan su riƙe firesha na wani lokaci. Dalili kuwa, fetur da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. In fireshan ya zube, zafin injin sai ya dafa man da ke cikin bututun ƙarfen nan ya koma tururi. Alhaji ya tsaya sallar azahar, ya fito ya murɗa makulli, famfo na ta tura tururi. Da safe kuwa komai ya huce, shi ya sa take tashi bugu ɗaya. A ƙasar sanyi mota za ta iya shekara da wannan ciwo mai ita bai lura ba. A nan watan Afrilu ɗaya ya isa ya tona mata asiri.

Wannan sai da geji. Ɗauko shi a akwatina, ka ɗaura tsakanin kan rabon mai da ɗan abin da ke daidaita firesha in injin na ɗumama. Ka sassauta notin a hankali da tsumma a kai. Rufe bawul ɗin gejin, kunna famfo, allura ta tsaya bisa 5. Buɗe shi injin na da zafi, ta sauko wajen 3.5. Sannan ka kashe, ka jawo benci ka zauna kana kallo. Ita lafiyayya takan ɗan sauko ta tsaya cak, minti 10 ya wuce tana sama da 2. In ka ga tana zamewa zuwa sifiri kafin ka shanye kofin shayi, mai na gudu ta wani wuri, kuma ƙofofin ba su da yawa.

Sai ka toshe su ɗaya bayan ɗaya. Matse tiyon da ke mayar da mai tanki. In allura ta tsaya, laifin yana gaba, galibi 'yar robar zoben da ke cikin bawul ɗin gefen kan rabon mai, abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. In ba ta tsaya ba, koma baya. Akwai bawul a bakin famfo da ke hana mai komawa. Tsatsar tanki ko dattin man bumburutu in ya maƙale masa ba ya rufewa. Ita kuma ma'ajiyar firesha tana da ɗan siririn tiyo a bayanta. Zare shi. Ya kamata ka iske shi a bushe. In fetur ya biyo, fatar cikinta ta fashe, kuma ba ta gyaruwa, sai sabuwa. Ita na fi zargi a motar Alhaji, ganin shekarunta.

Sauran ƙofar nozul ne. Zaro ma'aunin baƙin mai ka sunsuna. In yana warin fetur ko ya tsinke, wani yana ɗiga cikin silinda, yana wanke ringi. Ka fito da su a hankali kar bututun ya karye, kowanne ka sa bakinsa a kwalba, har da na biyar ɗin da ke fesawa lokacin sanyi, wanda kowa ke mantawa da shi. Famfo na aiki, faifai na zaune, bakinsu ya kasance a bushe. Ka danna faifan, za ka ji suna wani siririn kuka, feshin ya fito kamar hazo. Kwalabe huɗun su tashi kai ɗaya.

Kan rabon man shi ne na ƙarshe, kuma ba kai kaɗai ba. Ɗan fensirin nan an goge shi daidai da raminsa, har ba ya shiga na wata mota. Na sha ganin wanda ya sa masa sanfefa wai ya yi laushi, garin gyaran gira aka rasa ido. Haka ɗan sukurun alanki mai lamba 3 da ke tsakanin faifai da kan: na daidaita cin mai ne, ba ya maganin yoyo.

Maganar kafireta kuwa ka bar ta. Dattijon nan ya riƙe motarsa shekara da shekaru yadda aka ƙera ta, ba zan yarda mu nakasa ta saboda roba da wosha ba.

Gobe bayan asuba ka riga ni zuwa, kada kowa ya tayar da ita. Ka nemo kwalabe biyar masu tsabta, in shaguna sun buɗe kuma ka leƙa Buzaye ka samo mana wosha. Ka tafi da tsohuwa guda a aljihu don a gwada girman.