Amsa ga ɗan ƙanena kan Rigatar Yauri

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya, da karatu. Ka ce abokanka sun ga hoton Rigata sun ce tseren kwalekwale ne kawai na nishaɗin baƙi, kana so ka san ko tana da asali. Tana da shi, kuma ya girmi tafkin Kainji da kake gani yau.

Kafin a datse kogin Kwara a Kainji, tsibirai ne birjik a tsakiyar kogin daga Yauri zuwa Busa, kuma a kansu Gungawa suke zaune. Manoma ne, su ne suka yi wa albasar Yauri suna. Babban abokin gabarsu dorina ce. Cikin dare ɗaya sai ta fito ta tattake gonar da aka yi watanni ana ban ruwa, in ta ga dama ta kifar da jirgi da mutanen cikinsa. In ta addabi jama'a, sai mazaje su haɗa jirage, kowa da zago da mashi, ana kiɗa ana kirari, a bi ta har a kashe. Wanda bai iya sarrafa filafili ba, ko bai iya nutso ba, ba a saka shi a jirgin. Wannan fita ita ce kuma horon mayaƙan ruwa na ƙasar Yauri. Da aka hana kashe dorina, sai aka riƙe tseren da nutson, ana nuna su gaban Sarki.

A 1968 aka kammala madatsar, ruwa ya hau. Tsibiran nan mafi yawansu suka nutse, tsohuwar Busa ma ta nutse, har da duwatsun da Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a kansu a 1806 bayan ya wuce Yauri. Dubban mutane aka kwashe zuwa tudu, aka ba su gidajen siminti da ba su saba da su ba. An samu wutar lantarki, kifi ya yawaita, Sarkawa da sauran masunta suka ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma Bagunge ya rasa gonarsa da kushewar kakansa, kuma ba a cika faɗin wannan ba, abin yana damuna. Shi ya sa in ka ga dattijo a bakin ruwa yana kallon Rigata bai ce uffan ba, kada ka ɗauka bai ji daɗi ba ne.

In ka zo hutu, ka fara gaida masu jirgin kafin ka sa ƙafa a ciki, haka ake yi. Zan sa a kai ka Birnin Yauri ka ga ragowar ganuwar tsohuwar hedikwatar sarauta, tun kafin ta dawo Yelwa. Ka taho da abokan naka, akwai masauki. Ka gaida mahaifinka.