Tambaya da Amsa: Wace Manhajar Tace Bidiyo Zan Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Gwammaja, kuma da CapCut nake tace aikina a waya. Yanzu na sayi kwamfuta mai Windows, ina son shiga aikin talla da fim. Tsakanin Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut Pro, wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Final Cut Pro ta riga ta fita daga lissafinka, domin Apple ya keɓe ta ga na'urorinsa kaɗai.

Premiere Pro kuwa haya ce, tunda kamfanin Adobe ya daina sayar da ita kai tsaye tun 2013, ya koma karɓar kuɗin wata ko na shekara. Ma'ana za ka ci gaba da biya ko a watan azumi, lokacin da bukukuwa ke ɗaukewa, kuma duk ranar da naira ta faɗi aljihunka ne zai ji. Amfaninta shi ne yawancin editocin da na sani a Zoo Road da ita suke aiki, don haka idan za ku riƙa miƙa wa juna aikin da ba a kammala ba, ita ce za ta rage muku wahala. Sai dai ka guji satacciya, wadda kan zo da ƙwayar cuta.

Ni dai DaVinci Resolve zan ba ka shawara. Kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, wanda ya mallake ta a 2009, yana bayar da ita kyauta, kuma ta kyautar tana fitar da hoto mai tsabta har ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye. Babbar kuma, mai suna Studio, dala 295 ce, biya ɗaya. Ƙarfinta yana wajen gyaran launi. Ka san yadda fitilun ɗakin dina, shuɗi da kore, kan sa fuskar amarya ta yi toka-toka, jan leshinta ya koma kamar zoɓo. A Resolve za ka iya ware fuskar kaɗai, ka sa manhajar ta bi ta duk inda ta juya, ka dawo mata da launinta ba tare da ka taɓa sauran hoton ba. Sashenta na sauti, Fairlight, zai taimaka wajen rage gurnanin janareta a bayan muryar mai gabatarwa.

Aibinta shi ne cin ƙarfin na'ura, domin kamfanin da kansa yana neman ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai gigabait 16, da katin sarrafa hoto mai kyau, kai kuma ba ka faɗi ƙarfin kwamfutarka ba. Ka sauke ta kyautar, ka gwada da bidiyon kamu na minti 10. Idan hoton yana sarƙewa, ka sa ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka tace da su, a ƙarshe ta fitar da aikin daga na asali.