Faɗa nawa, rigimar gida nawa?

Ka tambaye ni, ɗana, a littafin zane mai shafi 20 na jarumi ɗan sakandare irin na Amurka, shafi nawa za ka ba faɗa, nawa za ka ba makaranta da soyayya, ga shi masu karatun yara ne da ba su saba da irinsa ba.

Na duba zanen da ka kawo. Faɗan yana gefe, rayuwar yaron tana gefe, kamar littafi biyu aka ɗinke wuri ɗaya, kuma nan ne gyaran yake. Dole kowane faɗa ya jawo masa asara. Ya tsaya kama ɓarawo, jarrabawa ta wuce shi. Ya dawo da kumburarren ido, sai ya yi wa uwarsa ƙarya. Yarinyar ta gaji da jira ta tafi abinta. Stan Lee da Steve Ditko sun ba da asalin Spider-Man a shafi 11 kacal a 1962. Da kamfanin Marvel ya sake ba da labarin a 2000 don sababbin masu karatu, sai da ya kai fitowa 7, kuma yawancin ƙarin a kan zaman Peter Parker, yaron da ya zama Spider-Man, ne a gida da makaranta.

Tunda lissafi kake so, shafi 6 zuwa 8 sun ishi faɗa.

Shafin hira ka raba shi akwati 5 ko 6, na faɗa 3 ko 4 don naushi ya samu fili. Kada balan-balan ɗin magana ya wuce kalma 25, akwati kuma 35. Ka fara zana wurin rubutu da fensir kafin mutane, in ba haka ba magana za ta rufe fuska. Wanda zai fara magana ka tsayar da shi a hagu, domin daga can ido yake tasowa. In ka juya su, wutsiyoyin balan-balan za su sarƙe, yaro ya karanta amsa kafin tambaya. Abin mamaki kuwa shafin hagu ake kai shi, mai lamba 2, 4, 6, sai an buɗe a gan shi. Ka sa shi a dama, ido ya riga ya leƙa.

Sai fuska, inda kuka fi faɗuwa. Duk layin da ka ƙara a gefen hanci ko ƙarƙashin ido shekaru ne ka ɗora, ɗan 15 ya koma magidanci. Kuma takardar inci 11 da 17 da kake zane a kai, rage ta za a yi zuwa kusan kashi biyu cikin uku, siraran layuka su cure ko su ɓace. Ka cike kowane ɗan aji da baƙar tawada ka duba inuwarsa. In biyu sun yi kama, sauya wa ɗaya gashi ko tsawo. A kowace fitowa wani ya kira sunan kowa da zarar ya bayyana, don akwai yaron da daga ta 9 zai fara saye.