Tambayoyi da Amsoshi: Wace fitilar LED ce ta dace da ƙaramin akwatin murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi. Yanzu na sayi akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 35, ina so in fara kiwon murjani mai rai da kifi biyu na ruwan gishiri. Fitilun da nake gani a intanet wasu sun fi akwatin tsada, wasu kuma arha, an rubuta musu wat 165. Ina da farar fitilar LED mai haske sosai a gida, ba za ta yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayar ta ɗan fita daga waya da kwamfuta da muka saba tattaunawa a wannan fili, amma tunda fitilar nan kayan lantarki ce, kuma yawancinsu yanzu da waya ake sarrafa su, ba mu yi nisa da gida ba.

Fitilar gidanka ba za ta yi ba, ga dalili. Murjani dabba ce, ba dutse ba, ba kuma tsiro ba. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke haɗa abinci da haske kamar yadda ganye ke yi, su ne ke ba shi mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. Murjanin asali da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya daban ne, ƙashin wani jan murjani ne na tekun Bahar Rum wanda bai dogara da rana ba. Naka irin na ruwa mai ɗumi ne, kamar wanda ke gaɓar Bahar Maliya. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke kutsawa ƙasa, shi ya sa waɗannan halittu suka saba da shi. Ita kuwa fitilar ɗaki an ƙera ta ne don idon mutum, wanda ya fi ganin haske tsakanin kore da rawaya, wajen nanomita 555 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa). Da wannan ido ake auna lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske da ake rubutawa a kwali. Fitila tana iya kashe maka ido da haske alhali murjani yana yunwa a ƙarƙashinta, gansakuka kuma ta mamaye gilashin cikin 'yan makonni.

Ka nemi wadda aka rubuta cewa ta murjani ce, sannan ka duba jerin ƙwayayenta, wato ƙananan fitilun da ke cikinta. Mafi yawa su zama shuɗi mai duhu na nanomita 450 zuwa 455, da 'yan kaɗan masu launin shunayya na 400 zuwa 420, sai farare. Ja da kore ɗaya ko biyu sun isa, don kyan gani ne kawai. Idan mai sayarwa ya kasa gaya maka waɗannan lambobi, ka wuce.

Ma'aunin da masu kiwo ke aiki da shi sunansa PAR, wato yawan hasken da ke iya haɗa abinci wanda ke isa wurin da murjanin yake zaune. Murjani mai laushi, irin zoanthid da mai kama da laimar kwaɗi, yana wadatuwa da 50 zuwa 150. Mai ƙashi da kaurin tsoka yana son wajen 75 zuwa 150 ko sama kaɗan. Mai rassa kamar Acropora shi ne ke neman 200 zuwa 400, kuma ban ba mafari shawarar ya taɓa shi ba a shekarar farko. To ka ga, idan da mai laushi za ka fara, akwatinka na lita 63 fitilar wat 20 zuwa 30 ta gaske ta ishe shi.

Ita waccan fitila mai arha da aka rubuta wa wat 165, lissafin talla ne: ƙwai 55 aka ninka da wat 3. Idan ka jona ta a ma'aunin wuta za ka ga tana jan kusan ɗari ne ko sama kaɗan. Duk da haka ta yi wa akwatinka yawa. Tana raya murjani, ba a musu, amma sai ka rataye ta sama sosai ka rage ta ƙasa ƙwarai, ga ƙarar fanka, ga cin wuta. A nan mafari suka fi yin asara: haske ya yi yawa, murjani ya kori halittun cikinsa, ya koma fari fat cikin kwanaki. Ƙarancin haske kuwa a hankali yake nunawa, murjanin ya yi ruwan ƙasa, ya riƙa miƙewa sama, kana da lokacin gyarawa. Saboda haka abin da ba zan bari ka yi rowa a kansa ba shi ne maɓallin rage haske, kuma shuɗi da fari kowanne da nasa.

Siffar akwati ma tana da magana. Fitila mai dunƙule irin Kessil A80 mai wat 15 ko Fluval Marine Nano mai wat 20 ta fi dacewa da akwati mai kusurwa huɗu daidai, santimita 30 zuwa 35. Naka dogo ne, gefe da gefe za su yi duhu. Ko dai ka sayi mai siffar sanda da ta kai tsawon akwatin, ko mai ƙarfi irin AI Prime, wadda ke cin wat hamsin da wani abu, ka ɗaga ta santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa. Ta ƙarshen ta fi tsada, amma idan ka canza akwati gobe ba sai ka sake saye ba. A cikin masu arha ka zaɓi wadda haskenta ke bazuwa digiri 90 zuwa 120. Mai digiri 60 tana tara haske wuri ɗaya kamar tocila, ta ƙona abin da ke tsakiya.

Tambaya: Idan na saya, awa nawa zan riƙa kunnawa?

Amsa: Awa 8 zuwa 10, a lokaci ɗaya kullum. Ka fara da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinta, ka ƙara kashi 5 duk mako, kana kallon murjanin. Idan ya buɗe ya baje, lafiya. Idan ya tsuke da rana ko launinsa ya fara kodewa, ka koma baya. Sabon murjanin da ka sayo ka ajiye shi a ƙasan akwati tukuna. Manhajojin waya masu auna haske kada ka dogara da su a nan, kyamarar waya ba ta karanta shuɗi daidai, kuma abin da ke saman ruwa ba shi ne ke isa ƙasa ba.

Tambaya: Unguwarmu ana yawan ɗauke wuta, ga zafi. Me zan lura da shi?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da bayanan Turai da Amurka ba sa amsa mana. Fara da adafta: ka karanta jikinta, lallai ka ga 100 zuwa 240V. Wutarmu 230 ce, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai na 110 zuwa 120 ne, jonawa ɗaya ta ƙone. Ka sa mata abin kariya daga hauhawar wuta, domin lokacin da aka dawo da wuta ko aka tayar da janareta adaftoci suka fi mutuwa.

Sai agogon cikin fitilar. Wasu masu arha da zarar wuta ta ɗauke sun manta lokaci, su dawo da cikakken ƙarfi ƙarfe biyun dare. Ka gwada tun ranar farko: saita jadawali, zare filogi minti goma, mayar. Idan ta manta, ka bar ta a ƙarfin da kake so ka haɗa ta da soket mai agogo wanda ke da ƙaramin batir a ciki. Mai aiki da wifi kuma, yawancinsu zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa, idan wayarka na kan 5GHz za ka yi ta fama ba su haɗu ba. Mai Bluetooth ta fi sauƙin sha'ani, ba ruwanta da data.

Cin wutar ba abin tsoro ba ne: wat 30 sau awa 9 ya ba da wat-awa 270 a yini, ƙaramar sola da inbata sun ɗauka. Amma in batir ya yi ƙasa, ka kashe fitila ka bar famfon da ke kaɗa ruwa. Murjani yana jure kwana biyu ko uku a duhu, a teku ma hadari na rufe rana, amma ruwa in ya tsaya iskar cikinsa na ƙarewa cikin awoyi, kifi ne za su fara mutuwa.

Zafi kuwa, ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, ya haura 29 ko 30 murjani ya fara fari ko da haskenka daidai ne. A watannin Maris zuwa Mayu ka mayar da lokacin kunna fitila zuwa yamma da dare, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Ruwan zai riƙa raguwa, ka cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Gishirin da ke fantsama yana bushewa a jikin fitila, ya rage haske, ya ci wayar wuta. Duk mako ka zare filogi ka goge gilashinta da tsumma mai ɗan laima, lokacin hunturu kuma ka hure ƙurar da ta toshe fankarta. Wayar da ta sauko daga akwati ka bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwan gishiri ya zuba ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga cikin soket ɗin.