Aikin otal a Mikołajki: ka duba takarda kafin ka ɗaure kaya

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Warsaw, babban birnin Poland, ya rubuto cewa dillali ya samo masa aikin kicin a wani otal a Mikołajki, da ɗakin kwana kyauta. Yana tambaya ko ya ajiye aikinsa ya koma, har ma ya fara shirin ɗauko iyalinsa daga gida.

Ƙanina, bari in fara faɗa maka irin garin. Mikołajki na arewa maso gabashin Poland, a yankin Mazury mai tarin tafkuna, dab da Śniardwy, tafki mafi girma a ƙasar, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 110. An fara ambaton wurin a rubuce a 1444, ya samu matsayin gari a 1726 ƙarƙashin sarkin Prussia. Nikolaiken Jamusawa ke kiransa har 1945, lokacin da ya koma hannun Poland bayan yaƙin duniya na biyu. Asalinsa garin masunta ne, mazaunansa ba su kai 4,000 ba. Yau kuwa baƙi masu yawon shaƙatawa a jiragen ruwa ne ke riƙe da kasuwarsa.

Wannan shi ne abin da ya shafe ka. Daga Yuni zuwa Agusta gari ya cika maƙil, aiki har ya fi ƙarfin ma'aikata. Da sanyi ya kama sai tafkunan su daskare, gidajen abinci da yawa su rufe, a watan Disamba rana ta faɗi kafin ƙarfe 4. Shi ya sa aikin da ake ba 'yan ƙasashen waje a can galibi na kaka ɗaya ne, kuma izinin irin wannan aiki ba ya wuce wata 9 a shekara.

Idan katin zamanka, karta pobytu, an ba ka shi ne a kan aikin Warsaw, to yana ɗaure da wannan ubangidan. Ranar da ka bar aikin, kwanakin aiki 15 gare ka ka sanar da ofishin gwamnan lardi a rubuce. Don haka kada ka ajiye aiki a kan maganar baki. Ka nemi kwantiragin a hannunka, ka ga sunan otal ɗin ne a kai ko na dillalin, ranar da zai ƙare, da ko ɗakin "kyauta" daga albashi ake cire kuɗinsa. Fasfonka kuma kada ka bar wa kowa.

Maganar iyali ka dakata tukuna, don Allah. Ba na so 'yar mutane ta bar danginta ta zauna ita kaɗai a garin da babu masallacin Juma'a, babu mai yi mata sallama da Hausa. In otal ɗin ya yarda ya ba ka kwantiragin shekara, ka turo mini abin da aka rubuta a ciki mu duba tare kafin ka sa hannu.