Harshe Zai Kai Ka Kiyif, Ya Kuma Kai Ka Ga Sanda

Wata mai karatu ta rubuto: "Malam, tun da harshen Yukiren da na Folan 'yan ɗaki ɗaya ne, ai mai fassara littattafan wancan zuwa wannan ba shi da wahala da karin magana ko?"

Malama, kusancin nan shi ne tarkon. Adabin Yukiren cike yake da karin magana tun daga Eneida, doguwar waƙar da Ivan Kotliarevsky ya rubuta, wadda ta fito a 1798, kuma kundin karin maganar da Matviy Nomys ya fitar a 1864 ya tara sama da 14,000. Da yawansu suna da takwarori a Folan, sai mai fassara ya ga banza ta faɗi, ya yi musaya, bai duba abin da ya zube ba.

Ɗauki wannan: mutanen Yukiren suna cewa "harshe zai kai ka Kiyif", wato babban birnin ƙasarsu. Mutanen Folan suna da "mai tambaya ba ya ɓata hanya", wanda kusan shi ne namu na matambayi ba ya ɓata. Ma'ana ta zo daidai. Amma ina Kiyif? Birnin da talakawa suka riƙa takawa a ƙasa don ziyarar wuraren ibadarsa ya ɓace daga jimlar. Kuma karin maganar tana da jela: harshen zai kai ka Kiyif, ya kuma kai ka ga "kyi", wato sanda. Bakin da ya nuna maka hanya shi zai jawo maka duka. To a nan sa'a ta faɗo, domin a harshen Folan sunan birnin shi ne Kijów, sanda kuma kij. Wasan kalmar ya tsallake lafiya. Wanda ya bar wannan ya ɗauko takwara, a ganina ya yi asara da gangan.

Ba kullum ba ne dai. Idan mutum ya kawo zancen da bai haɗu ba, a Yukiren sai a ce "itace a lambu, kawu kuma a Kiyif". Ba'ar tana ga rashin dangantakar, birnin bai ɗauki wani nauyi ba. Mutumin Folan zai ce me ya haɗa biskit ɗin zuma da injin niƙa mai aiki da iska, mu kuma mu ce me ya haɗa kifi da kaska. A nan musaya ba laifi, sai fa in kawun nan zai sake bayyana a shafi na gaba.